Yaron Da Ya Sha Wuya Wurin Haihuwa: Yaushe Ake Neman Diyya, Kuma A Ina?

Wannan shi ne abin da muka tattauna a filinmu na lafiya da shari'a. Mun sa shi a takarda saboda wanda shirin ya wuce shi, da wanda yake son ya sake bi a tsanake, ko ya ba wani ya karanta masa.

Maganar wasu yara ce, kuma ka san su. Wataƙila ma akwai a gidanka ko gidan maƙwabcinka. Yaro ya kai wata takwas wuyansa bai tsaya ba. Ya shekara bai zauna ba. In an ɗaga shi sai ƙafafu su sanƙare su harɗe kamar almakashi, hannu a dunƙule, yawu na dalala, ko kunu aka ba shi sai ya shaƙe. Wani kuma jikin ne ya yi laƙwas kamar ba ƙashi. In ka tambayi uwar, sau da yawa abin da za ta ce maka shi ne: "Ai tun ranar haihuwa ne. Na kwana biyu ina naƙuda, da ya faɗo kuma bai yi kuka ba."

To tambayar da ake yawan aiko mana ita ce: in sakacin ma'aikatan asibiti ne ya jawo wannan, akwai abin da doka ta tanadar wa yaron? Akwai, a Najeriya da Nijar duka. Sai dai hanyar tana da sharuɗɗa, kuma mafi yawan masu gaskiya da ke faɗuwa a cikinta, abu biyu ne ke kayar da su: rashin takarda da jinkiri.

Wane irin ciwo ne?

Likitoci na kiransa shanyewar gaɓoɓi ta raunin ƙwaƙwalwa. A katin asibitin Najeriya za ka ga an taƙaita shi da haruffa biyu, CP. A karnen Nijar ko Kamaru ko Chadi, sau da yawa IMC ake rubutawa. Ƙwaƙwalwa ce ke ba hannu da ƙafa da harshe umarni. In wani sashe nata ya samu rauni tun tana ɗanya, wato yaro yana ciki, ko lokacin fitowa, ko a farkon rayuwarsa, to umarnin ba ya isa daidai. Raunin ba ya ƙaruwa, kuma ba ya gogewa. Jikin ne ke canzawa: yaro na girma, jijiyoyi na ƙara ɗaurewa in ba a motsa su.

Kada a haɗa shi da shan inna. Shan inna ƙwayar cuta ce da ke kama yaron da aka haifa lafiya, ta bar ƙafa a sake ta sirance. Wannan ciwon kuwa ba ya yaɗuwa daga yaro zuwa yaro. Kuma don Allah a daina cewa ɗan ruwa ne ko aljanu sun musanya shi. Da yawa daga cikin yaran nan hankalinsu garau yake, suna jin duk abin da ake faɗa a kansu, bakin ne kawai ba ya sakuwa. Wasu kuma ciwon kan zo musu tare da farfaɗiya ko matsalar gani ko ji. A lissafin duniya, cikin jarirai 1,000 ana samun kamar 2 zuwa 3 da shi.

Daga ina raunin ke zuwa?

A 1861 wani likitan ƙashi a Landan mai suna William Little ya bayyana wa 'yan'uwansa likitoci cewa wahalar haihuwa na barin yara da irin wannan sanƙarewa. An daɗe ana ɗauka kusan duk mai ciwon daga nan ya samo shi. Daga baya bincike ya nuna cewa a ƙasashen da asibitocinsu ke da kayan aiki, kamar yaro 1 cikin 10 ne kawai ya samo shi daga ƙarancin iska lokacin naƙuda. Sauran daga haihuwar bakwaini ne, ko cuta da ta shiga mahaifa, ko yadda ƙwaƙwalwar ta ginu tun a ciki. A yankinmu kuwa lissafin daban yake. Abubuwa uku ne likitocin yara suka fi gani: ƙarancin iska wurin haihuwa, shawara mai tsanani a makon farko, sai sanƙarau da zazzaɓin da ke hawa ƙwaƙwalwa.

Ga yadda na farkon ke faruwa. Jariri a ciki ba ya numfashi da hanci. Iskarsa tana cikin jinin uwa, tana zuwa masa ta mabiyiya da igiyar cibiya. Duk lokacin da naƙuda ta murɗa, jinin kan ragu na ɗan lokaci, in ta lafa ya dawo. Lafiyayyen jariri yana jure wannan. Amma in kai ya fi ƙarfin ƙugu naƙuda ta yi tsawo, ko mabiyiya ta ɓalle kafin lokaci, ko cibiya ta riga kai fitowa ta matse, ko mahaifa ta fashe, ko aka zuba ruwan naƙuda ya yi yawa har murɗawar ba ta ba da hutu, to iska ta ragu ke nan. In ta yanke gaba ɗaya, bayan minti kamar 10 ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa. In raguwa ta yi, ɓarnar kan ɗauki awa ɗaya ko fiye. Ka riƙe wannan lissafin na mintuna, domin shari'ar kacokan a kansa take juyawa.

"Ai ƙaddara ce"

Gaskiya ne, babu abin da ke samun bawa sai da sanin Allah. Amma kai makiyayi ka fi kowa sanin cewa wannan ba ya goge haƙƙi. In ka ba yaron kiwo shanunka, annoba ta shigo ta kashe biyu, ba ka bin sa komai. In kuwa ya samu inuwa ya miƙe ya yi barci, karsana ta faɗa rijiya, magana ta canza. Haka in shanu sun shiga gonar wani, a gaban mai gari da arɗo ake zama a ƙiyasta ɓarna a biya, kuma ba a taɓa cewa mai gona bai yarda da ƙaddara ba. Kai ma ɗan kasuwa, direban da 'yan fashi suka tare da kayanka daban yake da wanda ya bar buhunan a fili ruwa ya dake su.

Malaman fiƙihu tun da daɗewa sun yi wannan rarrabewa a kan mai magani. Gwani da aka ba izini, ya yi aikinsa yadda ya kamata, sai abin ya zo da tsautsayi, ba a bin sa. Wanda ya shiga aikin da bai iya ba, ko ya iya amma ya yi sakaci, shi biya ya hau kansa. Dokar kotu ma kusan a nan ta tsaya.

Abubuwa huɗu da alƙali zai nema

Na ɗaya, cewa an karɓi amanar matar. Da zarar an yanka mata kati, ko an kwantar da ita, ko ma'aikaci ya fara duba ta, nauyinta da na abin da ke cikinta ya hau kansu. Wannan ba ya wuyar tabbatarwa in kati ko rasit yana hannu. A Najeriya ma, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a kori mai neman taimakon gaggawa bisa kowane dalili, kuma ta sa tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun, ga wanda ya yi haka.

Na biyu, cewa an kauce wa abin da ma'aikacin kirki mai irin wannan matsayi zai yi. Kotu ba ta auna ungozomar ƙauye da ma'aunin babban likitan asibitin koyarwa. Da ma'aunin 'yan'uwanta take auna ta. To mene ne aikin yau da kullum? In naƙuda ta kankama, ana sauraron bugun zuciyar jariri aƙalla duk rabin awa, da ɗan ƙahon nan da ake karawa a ciki ko da na'ura, in an fara nishi kuma a riƙa saurara a kai a kai. Bugun lafiya yana tsakanin 110 da 160 a minti. Ana duba buɗewar mahaifa duk awa 4, a rubuta a takardar bin naƙuda. In faya ta fashe ruwan ya fito kore mai kauri, ko bugun ya sauka, ko kai ya tsaya ba ya gangarowa, sai a kira na gaba, ko a yi tiyata, ko a tura babban asibiti ba tare da ɓata lokaci ba. In jariri ya faɗo bai yi numfashi ba, a goge shi, a motsa shi, a fara hura masa iska da 'yar jakar roba cikin minti na farko. In idonsa ya yi rawaya tun ranar farko, a auna jininsa a sa shi a fitila mai shuɗin haske. Barin mace ta kwana ba wanda ya leƙa ta, ɗaura ruwan naƙuda a tafi hira, cewa sai an kawo kuɗi alhali jariri na galabaita, sallamar jariri mai shawara da cewa a shanya shi a rana: irin waɗannan su ne ake kai ƙara a kansu. Mai kemis ko wani mai allura da ya yi wa mace allurar naƙuda a gida, shi nasa ya fi sauƙin kamawa, domin tun farko ba aikinsa ba ne.

Na uku shi ne mai wuyar, cewa wannan sakacin ne ya jawo raunin. A ce an yi sakaci ƙarara, amma yaron ya riga ya samu raunin tun yana wata bakwai a ciki. To kotu ba za ta ba da diyyar ciwon ba. A nan ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya. Masana lafiyar mata na lissafa jinkiri iri uku: jinkirin yanke shawarar a tafi asibiti, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. In matar ta kwana biyu a ruga ana jiran mai gida ya dawo kasuwa ya ba da izini, aka sake yin rabin yini a amalanke, lauyan asibiti zai ce ɓarna ta riga ta auku kafin a iso ƙofarsu. Abin da zai raba gardama shi ne rubutun farko: da aka iso, bugun zuciyar jariri lafiya yake? In lafiya yake da ƙarfe 8 na dare, aka haife shi a galabaice da asuba, kuma tsakani ba wanda ya rubuta komai, to asibiti na da bayanin da zai yi.

Likitan da zai ba da shaida yana duba wasu alamomi. Akwai makin da ake ba jariri a minti na 1 da minti na 5, daga 0 zuwa 10, ana ce masa Apgar, sunan likitar Amurka da ta ƙirƙiro shi. Akwai ko jaririn ya yi jijjiga ko ya kasa kama nono a kwanakin farko. Akwai hoton ƙwaƙwalwa, wanda kan nuna irin raunin da kuma lokacin da ya fi kama da ya faru. Yaron da ya faɗo ya callara kuka, ya kama nono, aka koma gida lafiya, da wuya a ce naƙuda ce ta ji masa.

Na huɗu, asarar da aka yi da wadda za a yi. Za mu dawo kanta.

A irin wannan shari'a ba a neman tabbacin da ake nema kafin a ɗaure mai laifi. Rinjaye ake dubawa, kamar sikeli: in hujjarka ta fi tasu nauyi, ka ci. Amma fa kai mai ƙara kai ne za ka ɗora hujjar.

Shari'u biyu daga Birtaniya

Mun ɗauko su ne domin dokar Najeriya a wannan fanni daga ta Ingila ta samo tushe. Ba dole ne alƙalin Najeriya ya bi hukuncin can ba, amma lauyoyi na kawo shi, kotuna kuma na dubawa.

Ta farko ana kiranta shari'ar Whitehouse da Jordan. A 1970 wata mata a Ingila ta yi awa 22 tana naƙuda. Likita ya sa ƙarfen jawo kan jariri, ya ja sau biyar ko shida, da ya ga ba ya fitowa sai ya koma tiyata. Yaron ya fito da mummunan rauni a ƙwaƙwalwa. Kotun farko ta ba shi fam 100,000. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke, kuma a ƙarshen 1980 kotun ƙarshe ta ƙasar ta tabbatar da sokewar, domin ba a nuna likitan ya wuce abin da gwani mai hankali zai yi a wannan hali ba. Kusan shekara 11, iyalin suka tashi ba ko kwabo. Ka ga ke nan girman rauni shi kaɗai ba ya cin shari'a.

Ta biyu ta Nadine Montgomery ce, a Sikotilan. Mace ce mai ƙaramin jiki, tana da ciwon suga, kuma masu suga jariransu kan yi girma. Ga irinta, haɗarin kafaɗar jariri ta maƙale bayan kai ya fito ya kai kashi 9 zuwa 10 cikin 100. Likitarta ta san haka, ba ta faɗa mata ba, don tana ganin in an faɗa wa mata za su zaɓi tiyata. A 1999 abin ya faru: kai ya fito, kafaɗa ta maƙale, aka yi minti 12 kafin a ciro shi, cibiya a matse. Yaron ya samu wannan ciwo. Ta faɗi a kotu biyu, ba ta haƙura ba. A watan Maris na 2015 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ba ta gaskiya, aka biya fam miliyan 5.25. Hukuncin ya ce dole likita ya sanar da mace haɗarin da duk mai hankali zai so ya sani, da sauran hanyoyin da ake da su, ita ta zaɓa. Ke 'yar'uwa mai zuwa awo, wannan naki ne: kina da haƙƙin ki tambaya, kuma a amsa miki da harshen da kike ji.

Me ake biya?

Kada miliyoyin can su ruɗe ka. Kuɗin ya yi yawa ne domin an lissafa albashin masu jinya dare da rana, da gyaran gida, da kekuna, har ƙarshen rayuwar yaron, da tsadar ƙasarsu. Kotun nan da tsadar nan za ta yi lissafi, kuma abin da aka nuna mata shi za ta lissafa. Saboda haka ka san asararka dalla-dalla: kuɗin magani da na farfaɗiya duk wata, kuɗin mota zuwa wurin gashi, kujera ko keken yaron, bijimin da ka sayar don jinya, tallan nono da fura da uwar ta daina saboda goyon da ba ya sauka daga baya, da wanda zai kula da shi ranar da ƙarfinku ya ƙare. Sai kuma wahalar da shi yaron ke sha, ita ma ana ƙiyasta ta.

Ina ake kai kuka?

Ku mazauna iyaka ku lura da wannan: shari'a tana bin ƙasar da abin ya faru. Matar Ɗan Isa da ta haihu a Jibiya ko Katsina, dokar Najeriya ce ta shafe ta. Matar Illela da aka tsallaka da ita Ƙonni, dokar Nijar ce. Haka tsakanin Maigatari da Dungas, ko Kamba da Gaya. Rashin zama ɗan ƙasa ba ya hana ka shigar da ƙara. In ƙaramin asibiti a wannan ƙetaren ya riƙe ta, sannan aka ƙarasa a wancan ƙetaren, to sai an tattaro takardun wuraren biyu.

A Najeriya ƙofa uku ce. Ta farko shugabannin asibitin: a rubuta koke, a sa kwanan wata, a buga maka hatimi a kwafinka. Ta biyu majalisun sana'a. Likita ana kai ƙararsa Majalisar Kula da Aikin Likitoci, MDCN, tare da takardar rantsuwa daga kotu. Nas da ungozoma suna da tasu majalisar. Majalisar likitoci na iya jan kunne, ko dakatarwa, ko soke lasisi gaba ɗaya, amma ba ta ba da diyya. Diyya sai ƙofa ta uku, wato babbar kotu, kuma yawanci ana haɗa ma'aikacin da mai asibitin, gwamnati ce ko ɗan kasuwa, domin mai gida ke ɗaukar ɓarnar yaronsa. A can kowane ɓangare kan kawo likitansa ya ba da shaida. Samun likitan da zai tsaya ya yi magana a kan ɗan'uwansa na daga cikin wahalhalun hanyar, shi ya sa hukuncin majalisar likitoci, in ya fito, yake ƙara wa ƙara nauyi. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin hukumar agajin lauyoyi kyauta, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, ko ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, a babban birnin jiharsa.

Ga inda aka fi yin tuntuɓe. Akwai tsohuwar dokar kare jami'an gwamnati a Najeriya da ta ce a shigar da ƙararsu cikin wata 3. Lauyoyin asibitocin gwamnati na ɗaga ta tun kafin a shiga maganar yaron. Ciwon nan kuwa sau da yawa ba a tabbatar da shi sai yaro ya haura wata shida ko shekara. Wasu hukumomin ma sai an ba su takardar sanarwa kafin a kai su kotu. Asibitocin kuɗi kuma wa'adinsu na shekaru ne, ya danganta da dokar jiha. Lauya ne zai tantance wadda ta shafe ka da inda ake da mafita. Abin da za ka ɗauka daga nan shi ne: in jariri ya faɗo bai yi kuka ba, ya yi jijjiga, ya kwanta asibiti, kuma zuciyarku ba ta kwanta da yadda aka yi ba, ku nemi shawara tun ba a gama wankan jego ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A Nijar ma ana farawa da shugaban wurin, a haura zuwa babban likitan gunduma. Likitoci suna da majalisar ladabtarwa tasu. Tsarin kotun kuwa irin na Faransa ne: in likitar gwamnati ce, ƙarar diyya tana bin ɓangaren shari'ar da ke tsakanin talaka da hukuma, in kilinik ce ta kuɗi tana bin shari'ar da ke tsakanin mutum da mutum. Alƙali ne kan naɗa ƙwararren likita ya binciki takardu ya kawo rahoto. Mai ƙaramin ƙarfi ya tambayi ofishin ANAJJ, hukumar da aka kafa a 2011 don taimaka wa talaka da shawara da aboka. Ka kuma sani cewa tun 2005 gwamnatin Nijar ta ce tiyatar haihuwa kyauta ce a asibitocinta. In an jinkirta ta don kuɗi, wannan abin rubutawa ne a koke.

Abin da za ka adana

Katin awo ko karne, kada a bar shi a asibiti, kada a naɗe goro da shi. Takardar turawa daga ƙaramin asibiti zuwa babba. Duk rasit, har na safar hannu da ƙarin ruwa. Takardar sallama ta uwa da ta jariri. Ka ɗauki hotonsu da waya ka tura wa wani ɗan'uwa, saboda ƙaura da ruwan damina.

Sannan tun abin yana sabo, a zauna da wadda ta raka mai naƙuda, a rubuta ko a naɗi muryarta a waya: yaushe ciwo ya fara, yaushe aka isa, yaushe aka fara duba ta, sau nawa aka dawo, me aka ɗaura mata, me aka ce. Ba agogo? A yi lissafi da salla. "Mun isa ana kiran isha'i, ba wanda ya taɓa ta sai bayan assalatu" magana ce da alƙali zai iya aiki da ita. Kiran da ka yi a waya a daren ma yana ɗauke da lokaci. Daga nan a nemi kwafin fayil ɗin asibiti a rubuce. Takardar haƙƙoƙin majinyata da gwamnatin Najeriya ta ƙaddamar a 2018 ta ambaci wannan haƙƙi ƙarara.

Kashedi uku

Kada ɓacin rai ya kai hannunka jikin ma'aikaci. Ka daki nas, kai ne a caji ofis, maganar yaronka kuma ta bi ruwa. Ka tuna wani lokaci ungozoma ɗaya ce a kan mata goma, ba wuta, ba motar ɗaukar mara lafiya. A irin wannan, mai asibitin ne ya kamata ya amsa tambaya.

Kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba. Sulhu alheri ne, kuma ya fi kotu sauri nesa ba kusa ba. Amma in an ce ga kuɗin mota a rufe magana, ka tuna ɗawainiyar shekara talatin ko arba'in ake so ka yafe, kuma haƙƙin na yaron ne. A yi sulhun a rubuce, gaban shaidu da wanda ya san doka.

Da lauya ko aboka kuma, a yi maganar ladansa tun farko, a rubuta. Wanda ya rantse maka za ka ci tun bai ga fayil ba, ka riƙe kuɗinka.

Shi kuma yaron

Ko an yi shari'a ko ba a yi ba, yaron ba zai jira hukunci ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A kai shi wurin masu gashi a babban asibiti, su koya wa uwa yadda za ta riƙa miƙar da gaɓoɓinsa kullum a gida. A zaunar da shi a tallafe kansa in za a ba shi abinci, kada a ɗura masa yana kwance, don abinci na faɗawa huhu. In yana farfaɗiya akwai maganinta, a sha kullum ba fashi. A fito da shi cikin yara, a yi masa magana, wanda zai iya a kai shi makaranta. Kai kuma mai gida, kada ka bar wa uwar ita kaɗai, kada ka bari dangi su ɗora mata laifi.

In ta sake samun ciki, ranar awon farko ta faɗi abin da ya faru a haihuwar baya. In wata ya kama kuna mashekari mai nisa, a kai ta gidan dangi kusa da asibitin da ke tiyata tun kafin ciwo ya tashi, a bar izini da kuɗin mota a hannun wanda ke gida.

Nan muka tsaya a wannan fitowa. Mai tambaya ya aiko ta hanyar da aka saba, za mu miƙa ta ga likita ko lauya a shiri na gaba. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya ba masu jinya lada. A huta lafiya.